Rolf Landauer: Masanin da ya fayyace tafiyar lantarki a ƙananan na'urori

Rolf Landauer masanin kimiyyar fiziks ne ɗan Amurka, wanda ya aza harsashin nazarin yadda lantarki ke ratsa abubuwan da ake auna ƙanƙantarsu da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita.

An haife shi ranar 4 ga Fabrairu, 1927, a birnin Stuttgart na Jamus, iyayensa Yahudawa ne. A 1938 iyalinsa suka yi ƙaura zuwa Amurka domin tsira daga mulkin Nazi. Ya sami digirin digirgir a Jami'ar Harvard a 1950, sannan ya kama aiki da kamfanin IBM a 1952, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

A wata maƙala da ya wallafa a 1957, Landauer ya nuna cewa yawan lantarkin da ke wucewa ta siririyar hanya ya dogara ne ga damar da kowace ƙwayar ilektron ke da ita ta ratsawa, ko kuma ta ci karo da cikas ta koma baya. An daɗe masana ba su waiwayi maƙalar ba. Daga baya abokin aikinsa, Markus Büttiker, ya faɗaɗa ra'ayin.

Hujja ta bayyana a 1988, lokacin da masu bincike a Holan da kuma Cambridge ta Ingila suka gano cewa idan ana faɗaɗa irin wannan hanya a hankali, lantarkin da take ɗauka yana ƙaruwa ne mataki-mataki, tamkar hawan bene. Hanya guda, ko da babu cikas a cikinta, tana da turjiya ta om kusan 12,900.

A 1961 kuma ya bayyana cewa ba a goge bayani a kwamfuta ba tare da fitar da zafi ba, komai ƙanƙantarsa. Wani gwaji a birnin Lyon na Faransa ya tabbatar da haka a 2012.

Wayar salula da ke hannun ɗan kasuwa a Azare tana ɗauke da biliyoyin taransistoci, kuma yayin da suke ƙara ƙanƙancewa, injiniyoyi na dogaro da lissafin Landauer wajen hasashen aikinsu.

Ya karɓi lambar yabo ta Edison a 1998, ya kuma mutu ranar 27 ga Afrilu, 1999, a jihar New York.