Ƙofar Duffy: Tarihin Garkuwar da ke Jinin Afirka ta Yamma

A shekarar 1917 wani likita a birnin Vienna na Ostiriya, Julius Wagner-Jauregg, ya soma wani irin magani da yau za a kira shi ganganci. Masu tunjeren da ya hau musu ƙwaƙwalwa yake sa wa zazzaɓin cizon sauro da gangan, zafin jikin ya ragargaza ƙwayar tunjeren, daga baya a kwantar da zazzaɓin da kwinin. Lokacin babu fenisilin. Dabarar ta kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1927, asibitocin Turai da Amurka kuma suka runguma.

Nau'in ƙwayar zazzaɓin da likitoci suka fi so don wannan aiki shi ne vivax, saboda bai kai falciparum saurin kisa ba. To, a jihohin kudu na Amurka, cikin shekarun 1930, sai aka ci karo da abin mamaki. Za a sa sauro mai ɗauke da vivax ya ciji baƙar fata, a zauna jira, shiru kake ji. Da yawansu ko ɗumi jikinsu ba ya yi, har sai an koma ga wani nau'in, malariae. Yawancin waɗannan bayin Allah a asibitocin masu taɓin hankali suke, kuma neman yardar majinyaci ba abin da aka damu da shi ba ne a wancan zamani. Wannan ɓangare na tarihin bai kamata a rufe shi ba.

Amsar ta ɓullo ne daga inda ba a zata ba, wato wurin masu nazarin ƙarin jini. A Landan, a 1950, Marie Cutbush da Patrick Mollison suka duba jinin wani mutum mai cutar rashin tsayawar jini, wanda aka sha yi wa ƙari. Suka gano wata alama a jikin jajayen ƙwayoyin jini da ba a san da ita ba, aka laƙaba mata sunan majinyacin, Duffy. Bayan shekara biyar Ruth Sanger da abokan aikinta suka nuna cewa mafi yawan baƙaƙen fatan Amurka ba su da alamar kwata-kwata. A Afirka ta Yamma, ƙasar kakanninsu, kusan kowa haka yake.

Sai da aka ƙara shekara ashirin kafin wani ya haɗa zaren biyu. Louis Miller, a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya nuna a 1975 da 1976 cewa Duffy ita ce ƙofar da vivax ke bi ya shiga jar ƙwayar jini. Inda babu ƙofar, galibi sai ƙwayar cutar ta rasa mashiga.

Amma me Duffy ke yi a jiki tun asali? Ai ba don cuta aka halicce ta ba. A 1993 Richard Horuk da tawagarsa suka gano cewa makarɓar kemokin ce. Kemokin ƙananan sinadarai ne da jiki ke saki a wurin rauni ko kumburi domin su kira fararen ƙwayoyin jini, su kuma fararen suna da makarɓa a jikinsu da suke bin sawun kiran da ita. Duffy ta fita daban da 'yan uwanta: ba ta isar da umarni cikin ƙwaya. Tana kama sinadaran ne ta riƙe, ko ta tsallakar da su ta bangon jijiya, ta haka take daidaita ƙarfin kiran. A 1995 masu bincike a Faris suka gano cewa harafi ɗaya tak ne ya canza a ƙwayar gadon 'yan Afirka, ya kashe Duffy a jajayen ƙwayoyi, ya bar ta tana aiki a bangon ƙananan jijiyoyi. Shekara guda bayan haka aka gano cewa ƙanjamau ma da wata makarɓar kemokin, CCR5, yake shiga ƙwayoyin garkuwa, kuma wasu tsirarun Turawa da aka haifa ba tare da ita ba da wuya ya kama su.

Akwai wani gefen labarin da ya fi shafar mai zuwa asibiti. Wanda ba shi da Duffy yakan nuna ƙarancin wasu fararen ƙwayoyi, nutrofil, a gwajin jini, alhali garau yake. A 2009 aka tabbatar da alaƙar. Matsalar ita ce ma'aunin da ɗakunan gwaji suka gada daga jinin Turawa aka tsara shi. An sha tsorata lafiyayyu da zargin cutar ɓargo, an jinkirta wa masu ciwon daji magani, an hana masu taɓin hankali maganin clozapine, duk saboda lambar da take daidai ga jininsu. Hukumar magunguna ta Amurka ta sassauta ƙa'idar clozapine ga irin waɗannan mutane a 2015. Ya dace kowane ɗakin gwaji daga Kano zuwa Damagaram ya tambayi kansa daga ina ma'auninsa ya fito.

Shekara da shekaru littattafan likitanci sun koyar da cewa babu vivax a Afirka ta Yamma. Amma a 2010 bincike a Madagaska ya samu vivax a jinin mutanen da ba su da Duffy, daga nan rahotanni suka biyo daga Habasha, Sudan, Kamaru, Mali da Najeriya. Galibi cutar ba ta yin tsanani a jikinsu, amma tana nan. Abin damuwar shi ne vivax yakan kwanta a hanta ya sake tasowa bayan watanni, kuma magungunan da ake sha kullum ba sa fitar da shi daga can. Sai primaquine ko danginsa, wanda shi kuma yake iya farfasa jinin masu ƙarancin sinadarin G6PD, kuma suna da yawa a Afirka ta Yamma. Ga shi yawancin 'yan sandunan gwajin gaggawa da ake ɗiga wa jinin yatsa a ƙananan asibitoci falciparum kaɗai suke gani, don haka mai vivax zai iya komawa gida da takardar da ta ce ba shi da komai.