Inda Marubutan Farko Suka Ɗebo Labaransu

A shekarar 1933, wani jami'in ilmi Bature mai suna Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana tara malamai da 'yan boko da wata buƙata da ba su saba jin irinta ba. Yana so su zauna su ƙago labari, dogo, a zube, da Hausar boko. Makarantun gwamnati sun fara yaye yara masu iya karatu, amma in ka ɗebe littattafan koyarwa da 'yan fassare-fassare, babu abin da yaro zai ɗauka ya karanta don jin daɗi.

Wahalar da East ya ci karo da ita, kamar yadda shi kansa ya bayyana a wata maƙala da ya buga a 1936, ba ta rashin masu iya rubutu ba ce. Ƙasar Hausa ta daɗe da alƙalami. Malamai sun yi ƙarnoni suna rubuta fiƙihu da tarihi da wasiƙu da Larabci, suna tsara waƙoƙin wa'azi da ajami. Sai dai rubutu a wurinsu abu ne mai alfarma, na gaskiya da ilmi. Labarin da aka san ƙirƙira ne kuwa yana da gidansa daban: tatsuniya, wadda mata ke yi wa yara da dare, aka kuma kewaye ta da camfin hana yin ta da rana. A ce wa malami mai rawani ya ɓata tawada wajen rubuta abin da bai faru ba, kamar an ce ya sauko daga buzunsa ya zauna cikin yara ne.

Duk da haka an samu waɗanda suka amsa, kuma daga wannan gasa aka fitar da littattafai biyar da har yau ake ɗauka a matsayin tushen ƙagaggen labarin Hausa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Mutanen nan ba su gaji wannan sana'a daga kowa ba. To, daga ina suka ɗebo?

Bello Kagara ya ɗebo daga abin da ƙasarsa ta gani. Yana yaro Turawa suka ci Kwantagora a 1901, suka kori Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, kuma kashin farko na Ganɗoki a kan wannan zamani ya tsaya: barde ne mai kirari da cika baki, wanda ya yi yaƙi da Nasara bai yarda an ci shi ba. Da tarihi ya ƙare masa, sai marubucin ya buɗe wata ƙofar, ya kai jaruminsa ƙasashen aljanu yana ta cin yaƙe-yaƙe. Ana iya ganin ɗinkin a fili, inda labarin da dattawa suka ba da ya tsaya, almara ta karɓa. Abin lura ne cewa hukumar Turawa ce ta buga littafin da ke yabon mutumin da ya zare musu takobi, ko da yake a ƙarshe an dawo da shi gida ya tarar da zamani ya sauya.

Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta a Bauchi mai shekara ashirin da 'yan kai, ya ɗauko abin da mutane suka sani sarai amma ba su cika son zancensa ba, wato bauta. Labarin yaron da aka sace, aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ta ƙare a hannun masu cinikin bayi, ba ya buƙatar aljani ko ɗaya. A 1933 akwai tsofaffi da yawa a raye waɗanda aka saya aka sayar, akwai kuma fataken da suka san hanyar Murzuk da Tarabulus da ƙafarsu. Wannan ne ya sa Shaihu Umar ya fi sauran nauyi da natsuwa, har aka mayar da shi fim a 1976.

Abubakar Imam kuwa, ƙanen Bello Kagara, wanda aka haifa a 1911, hanyarsa daban ce, kuma ita ce ta fi jawo magana. Ya taso da karatun allo da na littattafan Larabci, ya kuma yi Kwalejin Katsina, saboda haka rumbu biyu gare shi. Bai ɓoye cewa dabarar Ruwan Bagaja daga Maƙamat na Hariri ya same ta ba, littafin da almajiran ilmi ke karantawa a zaure don ƙwarewa a lugga. A can akwai mutum biyu, mai ba da labari da wani mayaudari mai zaƙin baki, suna ta haɗuwa a gari bayan gari. Imam ya ɗauki wannan ƙashi ya sa masa tsoka ta gida: Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kowa na ƙulla wa ɗan'uwansa tsiya a kasuwa da fada da gaban alƙali, da irin ba'ar da Bahaushe ke jin ta tasa ce.

East ya ga abin da saurayin zai iya, sai ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina. A 1936 Imam ya zo Zariya, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya yi kimanin wata shida yana karantawa yana rubutawa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, da aka buga daga 1937 zuwa 1939.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba aikin da kyau, domin kalmar aro ba ta isa ta bayyana shi ba. Akun da ke riƙe da labaran littafin farko yana da kaka a Indiya. A wani tsohon littafin Sanskirit mai suna Shukasaptati, wanda Farisawa suka sake rubutawa da sunan Tutinama, wani ɗan kasuwa ne ya yi tafiya ya bar matarsa da aku, kullum dare ta yi shirin fita wurin kwartonta, akun ya tsare ta da labari har gari ya waye. Irin wannan ba zai shiga ajin yara a Katsina ko Sakkwato ba. Imam ya riƙe dabarar, ya sauya abin da ake tsoro: wanda ake tsarewa yanzu ɗan sarki ne, Musa, mai ɗokin bin rundunar mahaifinsa, a waje kuma makircin Waziri na jiransa. Labarin tsare mutuncin aure ya koma labarin tsare gadon sarauta, abin da duk wanda ya san fada zai gane nan take.

Haka ya yi da ƙananan labaran. Mai busar da ya kwashe ɓerayen garin Hamelin na Jamus ya zama Sarkin Busa. Sarkin da aka yaudara da tufafin da ba a gani, na Hans Christian Andersen, ya zama Sarkin Zairana a hannun Sarkin Bokaye. Kukun nan ta tatsuniyoyin 'yan'uwa Grimm, wadda ta cinye kaji biyu ta haɗa maigidanta da baƙonsa gudu, ta zama Kalalatu matar Kalala, domin a gidan Bahaushe matar gida ce ke da tukunya, kuma rigimar baƙo da abinci tsakanin miji da mata take. Ya kuma ɗaure labarai da yawa da karin magana tun daga kanunsu, har mai karatu ya rantse a tsakar gidan kakarsa aka haife su.

Shekaru da dama bayan haka, manazarta irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka bi sawun waɗannan labarai ɗaya bayan ɗaya zuwa inda aka ɗauko su, muhawara ta tashi a kan ko wannan fassara ce, ko baddalawa, ko abin da yau za a kira satar fasaha. Hujjar masu suka tana da ƙarfi ta fuska ɗaya: ɗalibai da yawa sun gama makaranta suna zaton kowane labari a ciki daga kan Imam ya fito. Amma Alfu Laila ɗin da ya ɗiba daga ciki ita ma tarin aro ce daga Farisa da Indiya, 'yan'uwa Grimm kuma daga bakin mutane suka tattara nasu.

Muhawarar ta ƙara zafi ne saboda lokacin da ta zo. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa a Kano, mata da yawa a cikinsu, sun fara buga littattafansu da kuɗinsu, ana kuma zarginsu da kwaso soyayya daga finafinan Indiya. Masu kare su suka nuna Magana Jari Ce suka ce ai daga Indiyar aka fara. Sai dai mafi ƙarfin waɗannan littattafai ba daga sinima suka fito ba. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta gina Alhaki Kwikwiyo Ne na 1990 a kan abin da ake gani a unguwa kullum: magidancin da ya kori uwar 'ya'yansa da yaranta don ya kawo amarya, da yadda matar ta tsaya da ƙafarta tana sayar da abinci.