Amshi da 'Yan Amshin Shata: Mawaƙi da Ɗan Siyasa a Ƙasar 'Yandoto

Wajen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci 'Yandoto, garin malamai da ke kusa da Tsafe, bayan da malamansa suka ƙi mara wa jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo baya. Garin bai sake komawa yadda yake ba, amma sunansa ya tsira a sarauta, domin har yau 'Yandoto ake kiran sarkin Tsafe. Sai dai in ka tambayi Bahaushen Kano ko na Maraɗi inda ya fara jin wannan suna, da wuya ya ambaci littafin tarihi. Da yawa a bakin Musa Ɗanƙwairo suka tsince shi, cikin waƙar da ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, shekara biyar kafin a ƙirƙiri jihar Zamfara. Tun 1999 jihar ta ga gwamnonin farar hula biyar, kuma ban san jawabin ɗayansu da direban mota ke sakawa ya saurara tsakanin Gusau da Funtuwa ba.

Me ya sa waƙa ke daɗewa, jawabin ɗan siyasa ba ya daɗewa? Amsar da aka saba bayarwa ita ce mawaƙi na talakawa ne, ɗan siyasa kuwa na kansa. Wannan amsa ba ta gamsar da mai nazari. Manyan makaɗan wannan yanki na fada ne, abincinsu a hannun sarakuna yake. Salihu Jankiɗi, wanda aka haifa a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ya ƙare a matsayin Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Sa'idu Faru ya ba Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo mafi yawan basirarsa, kamar yadda Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa. Mai karanta ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kan makaɗan baka zai ga yadda yabo da zuga da zambo suka mamaye waƙoƙin nan. Ba waliyyai ba ne, kuma doki da riga sun sa su faɗi abin da ya wuce gaskiya.

A ganina sirrin yana cikin yadda sana'ar kanta take. Makaɗin fada ba ya aiki shi kaɗai. Yana jefa ɗiyan waƙa, 'yan amshi su karɓa su ƙarasa, jama'a kuma na tsaye a ƙofar fada suna ji. In gindin waƙa bai zauna a bakin 'yan amshi ba, nan take zai sani. In bai zauna a bakin mata masu daka da yara masu kiwo ba, waƙar ta mutu ko da sarki ya ba da kyauta. Wato ubangida ne ke biya, amma jama'a ke yanke hukunci. Dole ta sa mawaƙi ya riƙe harshen mutanensa: Ɗanƙwairo "Tsahe" yake cewa maimakon Tsafe, da Zamfarcinsa, bai taɓa gyara baki don ya burge 'yan boko ba, kuma misalansa daga gona da daji da kasuwa yake ɗebo su.

Shi ma ɗan siyasa yana da 'yan amshi, sai dai irin waɗanda Hausawa ke kira 'yan amshin Shata, masu maimaita abin da maigida ya faɗa ko da ya saki layi. (Abin dariya, a wurin Mamman Shata kansa amshi aiki ne na ƙwararru, siyasa ce ta mayar da kalmar zagi.) Wanda ke kewaye da irin waɗannan, a cikin mota mai baƙin gilashi da jiniya a gaba, ta ina zai ji cewa waƙarsa ba ta karɓu ba?

Tarihin Zamfara na kusa ya nuna cewa matsalar ta wuce halin mutum ɗaya. Mahmud Aliyu Shinkafi ya hau mulki a 2007 a ƙarƙashin ANPP, ya koma PDP mai mulki a Abuja, ya faɗi zaɓen 2011. A ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a jihar baki ɗaya saboda jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fitar da gwani ba, Bello Matawalle ya zama gwamna. A 2021 shi ma ya koma jam'iyyar da ke mulki a Abuja, ya faɗi zaɓen 2023 a hannun Dauda Lawal, kafin shekarar ta fita kuma aka naɗa shi ƙaramin ministan tsaro. Duk ɗan siyasar da ya kalli wannan jeri, darasin da zai ɗauka shi ne kujera tana iya zuwa daga kotu ko daga Abuja, kuma fushin masu zaɓe ba ya rufe ƙofa. Wanda ya san haka ba shi da dalilin zama a kasuwar Tsafe yana sauraron manomin da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gonarsa.

Hujjar da ta fi ƙarfafa wannan ra'ayi ita ce makomar mawaƙan siyasa na zamani. Da zarar mawaƙi ya koma sutudiyo, ya maye gurbin 'yan amshi da na'ura, ya karɓi kwangila daga ɗan takara, to cutar ɗan siyasa ta kama shi. Waƙoƙin kamfen na 2019 sun cika gari na 'yan watanni, yau sai an tona waya kafin a same su. Jankiɗi kuwa ya rasu tun 1973, kuma har yanzu gidajen rediyon Arewa suna saka shi.