Alam da Tarihin Kwantar da Ruwa a Fadamar Haɗejiya

Kogin Haɗejiya ya samo asali ne daga haɗuwar Kogin Kano da na Calawa, ya ratsa Jigawa, ya bazu cikin dausayin Haɗejiya da Nguru. A watannin Agusta da Satumba ruwansa kan zo jajir da laka. Lakar nan taki ce ga manomin fadama, amma ga uwargida mai neman ruwan sha aiki ce.

Tsohuwar dabara ita ce a zuba ruwan a randa a bar shi ya kwana. Yashi kan sauka ƙasa nan da nan, amma garin yumɓu mai laushi yakan yi kwanaki bai kwanta ba. Sai a jefa ɗan guntun alam, a motsa, lakar ta dunƙule ta nutse, ruwa ya yi garau. Alam ba baƙo ba ne a wannan yanki na Afirka, domin tun a ƙarni na 12 masanin labarin ƙasa al-Idrisi ya ambaci fataucinsa daga Kawar, a arewacin Nijar ta yau. Matan karkarar Sudan kuwa sun daɗe suna yin wannan aiki da dakakken irin zogale.

An jima ana aiki da dabarar kafin a san dalilinta. A 1809 masanin kimiyya Ferdinand Reuss ya wallafa gwajin da ya yi a Mosko, inda ƙwayoyin yumɓu cikin ruwa suka nufi gefe guda da aka saka musu lantarki. Hakan ya nuna akwai caji a jikinsu. Da yake cajin iri ɗaya ne, sai su riƙa ture juna, shi ya sa ba sa haɗuwa balle su yi nauyin nutsewa. Alam da furotin ɗin irin zogale suna ɗauke da kishiyar wannan caji, suna kashe shi, ƙwayoyin su manne da juna.

Da wannan ilimi na caji, a wannan ƙarni masana sun ƙera ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda haske ke tuƙawa cikin ruwa. Ana yin gefensu ɗaya da sinadari irin su titaniyam dayoksaid. Idan haske ya sauka a kansa, sai sinadaran da ke kewaye su sauya ta gefe guda, ƙaramin ƙarfin lantarki ya samu. Cajin jikin ƙwayar ne ke yanke inda za ta dosa da saurin tafiyarta, kuma gishiri a ruwa yana rage wannan sauri. Ana nazarin su don tsabtace gurɓataccen ruwa.

Ƙa'idar da ke aiki a ɗakin gwaji ita ce ke aiki a randar Haɗejiya. Sai dai alam laka yake kwantarwa, ba ya kashe duk ƙwayoyin cuta, don haka ruwan kogi yana buƙatar tafasawa ko sinadarin kulorin kafin a sha.