Christian Okoye

Christian Emeka Okoye (an haife shi ranar 16 ga watan Agusta, 1961) tsohon ƙwararren ɗan wasan ƙwallon Amurka ne ɗan asalin Najeriya. Ya buga wa ƙungiyar Kansas City Chiefs a gasar NFL daga 1987 zuwa 1992 a matsayin mai ruga da ƙwallo. An fi saninsa da laƙabin The Nigerian Nightmare, wato dodon Najeriya mai hana abokan hamayya barci. Bai fara wannan wasa ba sai da ya kai shekara 23, amma a 1989 shi ne ya fi kowa nisan gudu da ƙwallo a duk gasar.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Okoye a Enugu, kudu maso gabashin Najeriya, kuma ɗan ƙabilar Ibo ne. Yana yaro ƙwallon ƙafa yake bugawa, daga baya ya koma wasannin guje-guje da jifa. A 1982 ya tafi Amurka ya shiga Jami'ar Azusa Pacific da ke jihar Kalifoniya, inda abokinsa Innocent Egbunike, shahararren ɗan tseren Najeriya, yake karatu. A can ya yi fice a jifan faifai da jifan dalma da jifan guduma, ya ci kofuna da dama a gasar jami'o'i.

Burinsa shi ne ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles, amma ba a saka sunansa cikin tawagar ba. Wannan ne ya sa ya juya zuwa ƙwallon Amurka a shekarar, duk da cewa sai da aka koya masa dokokin wasan tun daga tushe.

Matsayinsa a fili

Ƙwallon Amurka ya bambanta da ƙwallon ƙafa: da hannu ake ɗaukar ƙwallon ko a jefa shi. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, kuma idan ta kai shi bayan layin ƙarshe na abokan hamayya ta sami maki 6. Aikin mai ruga da ƙwallo shi ne ya karɓe shi daga hannun jagoran hari ya kutsa tsakanin masu tsaro. Da yawan yadin da ya ci ake auna ƙwazonsa. Okoye yana da tsayin mita 1.85 da nauyin kusan kilo 115, ga shi da gudun ɗan tsere, don haka sau da yawa mutum ɗaya ba ya iya kayar da shi.

Sana'ar wasa

Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a zagaye na biyu na zaɓen sabbin 'yan wasa na 1987, shi ne mutum na 35 da aka zaɓa, kuma lamba 35 ya riƙa sakawa. A kakarsa ta farko ya ci yadi 660. A 1988 raunin babban yatsa ya rage masa wasanni.

Kakar 1989, ƙarƙashin sabon koci Marty Schottenheimer, ita ce mafi girma a tarihinsa. Ya ɗauki ƙwallo sau 370, ya ci yadi 1,480, ya ƙetare layin ƙarshe sau 12. Ya fi Barry Sanders na Detroit Lions da yadi 10 kacal, ya zama na ɗaya a NFL. A shekarar aka zaɓe shi cikin wasan taurari na Pro Bowl.

A 1990 ya ci yadi 805, yana raba aikin da Barry Word. A 1991 ya ci yadi 1,031, aka sake zaɓensa a Pro Bowl. Sai dai salon wasansa na karo da ƙarfi ya gajiyar da jikinsa. A 1992 yadi 448 kawai ya ci, kuma ciwon gwiwa ya kawo ƙarshen wasansa a 1993, bayan kaka shida.

Jimilla ya ɗauki ƙwallo sau 1,246, ya ci yadi 4,897, ya ƙetare layin ƙarshe sau 40 da gudu. Lokacin da ya ajiye wasa babu wanda ya kai shi yawan yadi a tarihin Chiefs, kafin daga baya Priest Holmes ya wuce shi.

Bayan ritaya

Tun yana wasa, a 1990, ya kafa gidauniya mai ɗauke da sunansa wadda ke shirya wa yara marasa galihu horon wasanni. A 2000 Chiefs ta saka shi cikin jerin gwarzayenta na tarihi. Shi ne kuma ya kafa cibiyar karrama 'yan wasan jihar Kalifoniya, inda yake zaune. Ana lissafa shi cikin 'yan Najeriya na farko da suka yi suna a NFL, kafin zuwan irin su Osi Umenyiora da Jay Ajayi.