Ostareliya da Amurka: Uba Ɗaya, Hali Dabam

In ka tambayi mutumin Ostareliya halin ƙasarsu, da wuya ya gama ba ka amsa bai kawo zancen Amurka ba. Dalilin wannan kuwa yana cikin tarihi, gama asalin zaman Turawa a Ostareliya daga rigimar Amurka ya taso.

A dā Ingilishi sukan kwashe fursunoninsu su kai Amurka su yi aikin gona. Da mutanen Amurka suka yi tawaye a 1776, suka ci nasara a 1783, sai wannan ƙofa ta rufe, gidajen kurkukun Ingila suka cika maƙil. Sa'an nan aka tuna da ƙasar nan da Kyaftin Cook ya ga gaɓarta ta gabas a 1770. Aka shirya jiragen ruwa 11, aka shugabantar da Arthur Phillip, suka sauka inda birnin Sidni yake yanzu ran 26 ga Janairu, 1788. Daga nan har 1868 an kai fursunoni wajen 162,000.

To, ka ga inda hali ya fara rabuwa. Amurkawa suna alfahari da kakannin da suka ƙetare teku don neman 'yancin addini, suka kuma kori Sarkin Ingila da bindiga, saboda haka har yau ba su sakin jiki da gwamnati. A Ostareliya kuwa gwamnati ce ta kawo mutane, ta ciyad da su, ta raba musu ƙasa, daga baya ta shimfiɗa hanyar jirgi. Cikin ƙasar hamada ne da fari, wanda ya shiga shi kaɗai ƙishirwa ta kashe shi. Don haka, yayin da Ba'amurke ke yabon wanda ya tsaya da ƙafarsa ya yi arziki, su wanda ba ya yar da abokinsa suke yabo. Ba su son mai ɗaga kai, ko da Firayim Minista ne.

Mulkin kai ma da shawara suka samu. Ran 1 ga Janairu, 1901, yankuna shida suka haɗu suka zama tarayya. Sun ari tsarin jihohi da majalisu biyu daga Amurka, amma suka riƙe Sarauniya da Firayim Minista irin na Ingila. Aro kuwa bai bi hanya ɗaya ba: jefa ƙuri'a a asirce a Ostareliya aka soma shi a 1856, Amurkawa suka ɗauka daga baya, har suna kiransa da sunan Ostareliya. Ranar da suka fi girmamawa ita ce 25 ga Afrilu, tunawa da saukar sojansu a Galifoli ta ƙasar Turkiyya a 1915, inda suka yi hasarar mutum fiye da 8,000, ba su kuwa ci nasara ba.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya juya fuskarsu. A ƙarshen 1941 Firayim Minista John Curtin ya faɗa a fili cewa Amurka suke sa wa ido. A Fabrairu 1942 Japan ta ci Singafo, ta jefa wa garin Darwin bom, Ingila kuwa ta kanta take yi. A 1951 aka ƙulla alkawarin tsaro da Amurka, sojan Ostareliya suka bi ta har Biyetnam da Iraƙi.

Duk da wannan, akwai abubuwan da sukan nuna su ce nan sun fi. Tun 1924 jefa ƙuri'a tilas ne. Tun 1984 akwai tsarin magani na gwamnati ga kowa. A 1996, da wani ya harbe mutum 35 a Port Arthur, gwamnatin John Howard ta tsananta dokar bindiga, ta sayi wajen bindigogi 650,000 ta lalata.

Amma laifi tudu ne, taka naka ka hangi na wani. Baƙaƙen mutanen da Turawa suka tarar sun yi shekara fiye da 50,000 a ƙasar. Amurka ta yi alkawura da Jajayen Indiyawa ta karya, Ingilishi a Ostareliya ko alkawarin ba su yi ba, sai aka ɗauka ƙasar ba ta da mai ita. Sai 1967 aka yarda a ƙidaya su tare da sauran jama'a, sai 1992 babbar kotu ta yarda suna da hakkin ƙasa, sai 2008 Kevin Rudd ya roƙi gafara saboda 'ya'yansu da aka riƙa ƙwacewa. Dokar hana shigowar wanda ba Bature ba kuma, wadda aka kafa a 1901, ba a kawar da ita sarai ba sai 1973.

A 1999 aka tambaye su ko suna son jamhuriya, mafi yawa suka ce a'a. Saboda haka har yanzu Sarkin Ingila ne sarkinsu, Amurka ce garkuwarsu, gardamar ko su wane ne kuwa ba ta ƙare ba.