Daga Daɓen Ƙasa zuwa Daɓen Siminti

Kafin zuwan siminti, daɓe aikin mata ne a ƙasar Hausa. Sukan taru su shimfiɗa ƙasa da tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba, wanda ake jiƙawa daga ɓawon ɗorawa, sannan su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa har ƙasar ta kama. Idan wani wuri ya farfashe, nan kaɗai ake sake daɓewa, kamar yadda ake sabunta yaɓen katanga kafin damina.

Siminti ya shigo ne a zamanin Turawa, ta jirgin ruwa da na ƙasa. Masana'antar siminti ta Nkalagu ta fara aiki a 1957, ta Sakkwato a 1967, daga nan aikin daɓe ya koma hannun magina maza.

Gyara ma ya sauya salo, domin sabon kwaɓi ba ya saurin kama tsohon siminti. Ƙaramar tsaga akan faɗaɗa ta, a wanke, a cike. Amma idan ƙasar da ke ƙarƙashi ta zauna, faci ba ya daɗewa. Sai an fasa, an danne ƙasa, an sake zubawa.